Muryar Malama a Bakin Aku

A gidan Direba ba a kiran mutum da sunansa na gaskiya. Babban ɗansa Kunne ne, don kunnuwansa sun riga shi girma. Matarsa Gwamnati ce, don ita ke riƙe da makullin sito. Autarsu kuwa Aku, saboda ko tari ka yi a gabanta, kafin ka kai ƙofa ta mayar maka da abinka yadda ka yi shi, har da ɗan nishin ƙarshe.

Ba don mugunta suke yi ba. Direba ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota, tsakanin masu lodi da 'yan tasha, inda sai an tsokane ka za ka san an yarda da kai. Haka ya reni gidansa. Duk wanda aka yi wa ladabi a gidan nan baƙo ne, kuma ba a so ya daɗe.

Daga irin wannan gida Aku ta je ta kwaso son Injiniya, mai gyaran keken ɗinki, mutumin da sai ya juya magana a ransa kafin ya sake ta. Gidansu ba su so ba. Su dai Manaja suke so, abokin Kunne mai shagon kayan mota, wanda dariyarsa ke riga shi shigowa. Can ɓangaren Injiniya ma mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Malama, ta daɗe da kafewa.

“Gidan da ake yi wa kowa dariya, wata rana ni za a yi wa,” abin da ta ce ke nan.

Injiniya ya sha wahala kafin ta yarda ta zo ta ga gidan da idonta. Da ya kawo wa Aku labarin, sai da ta zauna a bakin keken ɗinkinta ta yi kukan murna.

Ana gobe za ta zo, da yamma, Aku ta tara mutanen gidan a tsakar gida. Manaja ma yana nan, ya miƙe ƙafa a kan benci kamar gidan ubansa.

“Baba, don Allah, gobe kawai. Ku riƙe bakinku na yini ɗaya. Yaya, kai nake ji wa tsoro.”

“Mu mahaukata ne?” in ji Kunne.

“Ba haka ba ne. Muryarta ce. An yi mata aikin maƙoƙo a wuya, tun daga nan muryar ba ta dawo daidai ba. Kada ku ji ta ku yi dariya.”

“To yaya take yi?” Kunne ya gyara hularsa. “Gara mu ji yanzu mu saba, kada gobe ta zo mana a bazata mu fashe a gaban mutane.”

Maganarsa akwai hankali a ciki, shi ya sa Aku ta yarda. Ta sassauta murya ta mayar da ita iska-iska, tana yankewa a tsakiyar kalma, da wani ɗan fito siriri da ke biyo numfashi.

“San…nun…ku da gi…da.”

Tsakar gidan ta ɗauka da dariya. Direba ya buga cinya, Kunne ya zame daga kan benci.

Da a nan ta tsaya, da ana iya cewa bayani ta yi. Amma Manaja ya ce, “Kai, ƙara mana, ban ji da kyau ba,” ita kuma daɗin dariyar ya riga ya shige ta. Ta miƙe tsaye, ta naɗa gyale a wuya, ta dafe maƙogwaro da yatsu biyu yadda Malama ke yi, ta shiga ƙirƙiro maganganun da matar ba ta taɓa faɗa ba. Ta yi Malama tana cinikin tumatir, ta yi Malama tana korar kaji.

Direba yana share hawaye da gefen riga ya ce, “Wallahi matar nan tamu ce! Aku, na fara son gidan nan.”

Zuciyarta ta yi fari. Wannan ne karo na farko da ta ji mahaifinta ya faɗi alheri a kan wani abu da ya shafi Injiniya, kuma ba ta tsaya ta duba hanyar da alherin ya biyo ba.

Washegari komai ya tafi daidai har abin ya ba ta tsoro. Direba ya sa rigarsa ta fita, ya zauna a ɗakin baƙi kamar wanda aka kawo ɗaukar hoto. Kunne ya gaisa ya koma gefe. Gwamnati ta fito da kofunan da ba a taɓawa.

Malama doguwa ce siririya, da farin gyale naɗe a wuya. Ta gaida kowa a hankali, kalma bayan kalma, ba wanda ya ko motsa leɓe. Ta sha shayi. Can ta jawo hannun Aku, ta juya bakin hannun rigarta tana duba ɗinkin ta ciki.

“Ke… kika ɗinka?”

“Ni ce, Mama.”

“Hannunki… yana da tsabta.”

Aku ta saci kallon Injiniya, ta ga yana murmushi yana kallon ƙasa. A ranta ta ce an gama, Allah ya rufa asiri.

Sun miƙe za su tafi, har an kai bakin ƙofa Malama tana saka takalmi, sai farin ciki ya ci ƙarfin Direba. Ladabin yini guda ya ishe shi, kuma matar ta kwanta masa a rai. Shi kuwa hanya ɗaya ya sani ta nuna wa mutum ya kwanta masa.

“Malama, tsaya. Wallahi na gaji da wannan sunkuye-sunkuyen kamar muna kotu. Ke fa ba baƙuwa ba ce. Mu tun jiya muka karɓe ki, har suna na raɗa miki. Usur!”

Ya saki dariya yana jiran a taya shi.

“Baba…” in ji Aku.

“Ke, zo nan. Yi mata irin na jiya. Malama, sai kin ji yarinyar nan, za ki rantse ke ce. Yi mata na korar kajin nan.” Da ya ga ta daskare, sai ya dafe nasa maƙogwaron ya gwada da kansa. “San…nun…ku! A'a, ni ban iya ba. Ita ce gwanar.”

Ba wanda ya yi dariya. Gwamnati ta sa gyale ta rufe baki. Kunne ya juya yana kallon bango.

Malama ta gama saka takalminta, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sannan ta ɗago ta dubi Aku. Babu fushi a fuskarta, kuma wannan ne ya fi kashe yarinyar.

“Ashe… kin iya ni?”

Aku ta sunkuyar da kai. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

“Mun gode… da shayi,” in ji Malama.

Injiniya ya riƙe wa mahaifiyarsa jaka suka fita. Bai waiwayo ba.

Ƙofar na rufuwa Aku ta zube a wurin ta fashe da kuka.

“Baba, ka kashe ni! Ka kashe ni!”

“Ni? Me na yi?” Direba ya ware hannu, da gaske bai gane ba. “Karrama ta na yi. Manaja ya yi shekara nawa yana zuwa gidan nan kafin in raɗa masa suna? Ita rana ɗaya ta samu.”

“Ciwo ne fa, Baba. Ciwonta ne.”

“To ni na fara? Wa ya naɗa gyale jiya yana korar kaji?”

Aku ta kau da kai. Ta so ƙwarai a ce laifin nasa ne shi kaɗai, amma ba inda za ta ajiye nata.

Kunne ya ce, “Ni dama na faɗa, mutanen nan ba irinmu ba ne. Ki shiga gidan da za ki riƙa neman izini kafin ki yi dariya? Ga Manaja nan, ko zaginsa kika yi godiya zai yi. Yanzu ma ya kira ni yana tambayar yadda aka ƙare.”

“Ka ce masa an ƙare yadda yake so!”

Ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Jim kaɗan Gwamnati ta biyo ta, ta zauna a bakin gado tana ninke kayan wanki, ta ƙyale ta ta yi kukanta.

“Inna, mu ba ma nufin kowa da sharri. Kin sani.”

“Na sani.”

“To me ya sa abin ya zama haka?”

Gwamnati ta ajiye rigar da ke hannunta. “Kin taɓa ganin yayanki ba hula?”

Aku ta ɗago.

“Yana yaro, sai in iske ya ɗaure kansa da tsumma kafin ya kwanta, wai ko kunnuwan za su lafa. Da safe ya fito a tsokane shi, ya fi kowa dariya. Ban taɓa gaya wa babanku ba. Na ce a raina wasa ne, zai saba.” Ta ci gaba da ninke kaya. “Ya saba ɗin. Amma hular tana nan.”

Sabon kuka ya zo wa Aku, wanda ya fi na farko ciwo. Ita ce ta fi kowa iya kwaikwayon yadda Kunne ke jan hula.

Da hantsi washegari ta nufi shagon Injiniya. Ta kira shi ya fi a ƙirga bai ɗauka ba, ta ga gara ta je ya kore ta ido da ido.

Shagon ɗan ƙarami ne, kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da ƙyallen da aka ɗaura masa don gane mai shi. Warin man keke ya cika wurin. Yana zaune ya kwantar da wani kan keke a cinya yana kwance shi da sukundireba. Ya amsa sallamarta, ya nuna mata kujera, ya ci gaba da aikinsa.

“Ka yi mini magana, don Allah. Ko zagina ne ka yi.”

“Ban iya ba. A gidanku aka iya.”

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye.

“Wallahi ba da niyyar wulaƙanci na fara ba. So na yi su ji yadda take magana don kada su yi dariya a gabanta.”

“Na yarda. Kajin fa?”

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Ya ajiye sukundireban. Idanunsa sun yi ja, da gani shi ma bai runtsa ba.

“Ke kaɗai na taɓa ba labarin muryar nan. Kin tuna a nan kike zaune, a kujerar nan. Na gaya miki da can in Mama ta tsaya a filin makaranta ta kira yaro, har masu shago a bakin titi sai sun juyo. Na gaya miki ranar da ta koma aji bayan aikin, yara suka yi ta dariya, ta ajiye alli ta dawo gida, ba ta sake komawa ba. Ina faɗa miki ina kuka. Ashe ke kunne kika kasa kina ɗaukar salo.”

“A'a! Wallahi a'a! Ni ma na yi kuka ranar, ka gani da idonka.”

“Na gani. Shi ya sa na rasa wace ce ke a cikin biyun.”

“Duka ni ce,” ta ce da ƙyar. “Abin kunyar ke nan. Ina son ta, kuma na yi. Da na ji suna dariya sai na manta da ita, na manta da kai. Baba ya ce ya fara son gidanku, ni kuma daɗi ya ɗebe ni.”

Ya ɗauki wani ƙaramin noti yana murzawa a tsakanin yatsunsa.

“Kin san Mama ba ta ɗaukar waya? Ba ta zuwa taro. In mai kayan miya ya zo, nuni take yi masa da hannu. Amma jiya tun da gari ya waye ina jin ta a ɗaki tana maimaita gaisuwar da za ta yi wa babanki, don kada muryar ta yanke mata a tsakiya. Ta yi ta yi har ta gaji. Ta fito ta tambaye ni, ‘Muryar ta fita?’ Na ce mata ta fita.”

Aku ta toshe baki da hannu biyu. Kukan ya ƙi tsayawa, har wata mata da ta leƙo da kan kekenta ta juya ta ce za ta dawo.

“Ka rabu da ni,” ta ce. “Ban cancanci in shiga gidanku ba. Ka nemi mai hankali.”

“Da ina iyawa, da tun jiya na yi.” Ya kau da kai. “Ina son ki, har yanzu. Abin da ya hana ni barci ke nan. Amma ba zan kai wa mahaifiyata matar da za ta riƙa jin tsoron yin magana a gabanta ba. A ɗakinta kaɗai ya rage mata ta buɗe baki ba fargaba. In na kawo ki, nan ma na ƙwace mata.”

“To me zan yi? Ka faɗa mini, ko mene ne.”

“Ba ni zan faɗa ba. Ta ce in kin zo nan, in turo ki. Ke kaɗai.”

Ta ɗago ta dube shi. “Me za ta ce mini?”

“Ban sani ba. Tun da muka dawo, wannan ce kawai maganar da ta yi.”

Gidan Malama ba nisa, Aku ta kama hanya da ƙafa. Ta wuce shagon mai wanki, ta wuce famfon da mata ke layi, tana ji kamar kowa ya san abin da ta yi. A hanya ta shirya kalaman ban haƙuri kala-kala, tana isa ƙofar duk suka watse.

Ɗakin a share yake tas. Littattafai jere a kan kanta, tsohuwar ƙararrawar makaranta a kan tebur, labulen taga a ɗage. Malama na zaune a kujera, yau babu gyale a wuyanta. Tabon aikin ya fito sarai, dogo, daga wannan gefe zuwa wancan.

Aku ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

“Mama, ki yafe mini. Ba ni da abin cewa. Na yi abin kunya, na ci amanarki, na ci amanar ɗanki. Ko ba ki yarda da auren ba, don Allah ki yafe mini.”

Malama ta bar ta ta yi kukan har ya lafa. Sannan ta nuna mata tabarma kusa da ƙafarta.

“Matso… ba na iya… ɗaga murya.”

Ta matso da gwiwa.

“Yafiya… mai sauƙi ce. Ba ita… na kira ki ba.” Ta dafe maƙogwaro da yatsu biyu ta huta. Aku ta runtse ido, don ta san wannan dafewar, ta yi ta a tsakar gidansu. “Tun da aka yi… aikin nan… kowa ƙarya yake mini. Ɗana ya ce… muryar ta kusa dawowa. Likita ya ce… ba laifi. Maƙwabta su ce… ba su lura ba. Amma ina ganin… fuskokinsu.”

“Mama…”

“Mutum ba ya jin… kansa… yadda ake jin sa. Babanki ya ce… in na ji ki… zan rantse ni ce.” Ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a cinya kamar mai jiran ɗalibi ya fara karatu. “To yi mini.”

Aku ta ɗago a firgice. “Na roƙe ki da girman Allah, Mama, kada ki sa ni. Gara ki mare ni.”

“Kin yi wa… masu dariya. Ni mai abin… ba za ki yi mini ba?”

“Ba zan iya ba! Wallahi bakina ba zai iya ba!”

“Yadda kika yi… shekaranjiya. Kada ki rage… kada ki gyara. In kin tausaya mini… zan gane. Na gaji… da tausayi.” Idanun Malama sun kawo ruwa, amma ba ta ƙifta ba. “In kin yi… zan san irin ’yar… da zan zauna da ita. In kin ƙi… ga ƙofa. Ba zan riƙe ki… a rai ba. Amma kada ki dawo.”

Aku ta dubi ƙofar, ta dubi tabon da ke wuyan matar. In ta yi, da bakinta za ta sa wa uwar masoyinta wuƙa a inda ya fi ciwo. In ta ƙi, ta rasa shi ke nan.

Tana cikin haka ta ji an turo ƙofar gida, ta ji takun da ko cikin barci ta san mai shi. Injiniya ya kasa zama a shago. Ya ɗaga labule ya tsaya, yana duban mahaifiyarsa, yana duban Aku a durƙushe.

Malama ba ta ko kalle shi ba.

“Shigo… ka zauna,” ta ce. “Kai ma… ka ji.”

Sannan ta mayar da idonta kan Aku.

“Ina jira… ’yata.”